Ƙurar Ɗakin Niƙa

Wata 'yar jami'a cikin baƙin da suka zo tana maƙala mata wani ɗan bututu a wuyan riga, Matar Dogo kuwa idonta na kan Manaja. Yau ya sa takalmin aiki, ya sa ƙyallen rufe hanci sabo fil. Tun da take tsince robobi a wannan rumfar shara ba ta taɓa ganinsa da ko ɗaya ba.

"Mama, wannan akwatin a ƙugunki zai zauna, wannan bututun kuma kusa da hancinki," in ji yarinyar. "Ƙura muke aunawa. Ki yi aikinki yadda kika saba."

Da baƙin suka juya baya, Manaja ya matso, ya rage murya.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma kowa ya iya bakinsa. Abin nan yana da kunne."

Shi ke nan rumfa ta yi tsit. Har Rediyo, wadda ba ta iya ɗaure buhu ɗaya ba tare da ta kawo labarin unguwa ba, ta koma magana da gira. Akwatin yana ta ƙara kamar sauro. Matar Dogo ta kasa sakewa. Tun rasuwar mijinta take faɗa a fili cewa ɗakin niƙa robobi ne ya ci ƙirjinsa, kuma aikin nan kaɗai ke ciyar da 'ya'yanta. Ta tabbata ba a banza aka zaɓe ta ba. Ta warware gefen ɗankwalinta, ta naɗe bakin bututun tam, ta tura shi cikin riga.

Auta, ƙanin Dogo, ya fito daga ɗakin niƙa da buhu a kafaɗa, gashin idonsa fari fat. Shi aka ba injin bayan Dogo.

"Matar Yaya, an yi miki sabon miji ne? Ga shi manne da ke ko kunya babu."

"Wuce, marar ta-ido," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya yi dariya, dariyar ta juye tari. Sai da ya dafa bango. Ta san wannan tarin. Da shi Dogo ya fara, kafin a asibiti su tambaye ta ko yana shan taba, mutumin da ko warinta ba ya so.

Wajen azahar akwatin ya fara kuka. Yarinyar ta zo da sauri, ta lalubo bututun, ta ga ɗaurin.

"Mama, ai kin shaƙe shi."

"An ce yana jin magana."

"Wa ya ce?"

Yarinyar ta ɓalle kan bututun, ta nuna mata wata 'yar farar takarda a ciki, zagayayya kamar murfin kwalba.

"Babu kunne a nan. Iska yake ja, kamar yadda kike ja. Duk abin da zai shiga ƙirjinki, a nan yake tsayawa mu gani."

Matar Dogo ta juya takardar a ido. Fara tas. Sai ta dubi waɗanda aka maƙala wa akwatin: mai gadin ƙofa, da mai awon buhu, da ita da ke can ƙarshen rumfa inda iska ke kaɗawa. Cikin masu shiga ɗakin niƙa ba a maƙala wa kowa ba.

"Ke kika zaɓe mu?"

"A'a. Sunaye aka ba mu daga ofis."

"To sa mini sabuwa."

Ta ɗauki tsintsiya ta nufi ɗakin niƙa. Manaja ya ɗaga murya: "Matar Dogo, ba nan ne wurinki ba!"

"Ran da mai shara bai zo ba, wa kake turawa? Ai an ce in yi aikina yadda na saba."

Baƙi na kallo, dole ya haɗiye sauran. A ciki injin yana ruri, garin roba yana tashi har ba a ganin kwan fitila sosai. Ta yi shara kusa da Auta har aka tashi, a daidai inda Dogo yake tsayawa, inda siminti ya lotsa.

Da yarinyar ta buɗe kan bututun, takardar ta koma kalar toka, tsakiyarta baƙi. Yarinyar ta ɗauko murfi.

"Ina za ki kai ta?"

"Ɗakin gwaji. Daga nan mu rubuta rahoto."

"Wa zai fara karantawa?"

Yarinyar ta ɗan kau da kai. "Masu wurin ne suka ba mu izinin shiga, Mama. Su za mu fara ba."

Daga bakin ofis Manaja ya ce, "Gobe ki biyo ta nan kafin ki taɓa buhu."

Ta ji shi sarai. Ta riƙe hannun yarinyar, ba da ƙarfi ba.

"Kar ki rufe tukuna, 'yata."

Ta ɗaga murya ta kira Rediyo, ta kira mai awo, ta kira matan da ke wanke hannu a bakin famfo. Auta ne ya zo ƙarshe yana goge fuska da riga. Ta jawo shi gaba, ta ce ya sunkuya ya dubi takardar da kyau.