Gurasar Farko

Shekara arba'in da huɗu Haddu yana kallon bayan Bassu. Tun suna samari, lokacin da iyayensu suka saya musu tsofaffin kekuna don zuwa makarantar da ke bayan tudu, har yau da furfura ta cinye kawunansu, bai taɓa riga shi isa ko'ina ba. Tseren keke na bana kuwa shi ne na ƙarshe a tsakaninsu. Bassu ya rufe shagonsa na gyaran keke a garin Azilal na ƙasar Maroko, bayan sallah zai koma wurin 'yarsa a Kasabalanka, inda babu tudun hawa sai matakalar bene.

Safiyar Lahadi mutum kusan tamanin suka taru a bakin layi, yawancinsu sa'annin 'ya'yansu. Bassu ya matso da kekensa, ya leƙa tayoyin Haddu, ya matsa ta baya da yatsa.

"Malam, an ce tun da ka yi ritaya daga koyarwa kullum kana kan dutse. Ni ake yi wa wannan shirin?"

"Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki."

"To da ka zo da likitan ya riƙa tura ka."

Mai shirya tseren ya yi bayani ta lasifika: kilomita talatin, a bi jajayen ƙyallayen da aka ɗaura a itatuwa, hanya za ta ratsa ta gefen Tagunt. Haddu ya gyara igiyar hular kwanonsa. Tagunt ƙauyensu ne. Rabonsa da can tun ranar da aka binne mahaifiyarsa, Lalla Itto, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma yanzu ba kowa a ƙauyen sai makiyaya masu wucewa.

Aka busa usur. Matasa suka ɓace cikin ƙura, tsofaffin biyu suka kama hawa kamar yadda suka saba, Bassu a gaba. Amma a hawa na biyu, wajen kilomita goma sha bakwai, Haddu ya ji abin da bai taɓa ji ba: numfashin Bassu yana fita da ƙara. Ya sauya giya, ya miƙe a kan feda, ya zo daidai kafaɗarsa.

"Wuce, Malam," in ji Bassu yana haki. "Ina kallon gari ne."

Haddu ya wuce. Gabansa ba kowa, sai hanya da sararin sama. Abin har ya ɗan ba shi tsoro.

Daga ƙolin tudun hanya ta gangara ta tsohuwar turbar alfadarai. A nan ne ya daina tunani. Ga shimfiɗaɗɗen dutsen da ake ɗaga tayar gaba a kansa. Ga magudanar ruwa da ake tsallakewa ta hagu, domin ta dama akwai santsi. Ga katangar gonar sha'ir ta gidan su Bassu, ta zube amma kwanarta na nan. Yatsunsa suna kama birki tun kafin idonsa ya ga dalili. A wannan gangaren suke tsere kullum bayan an tashi makaranta, saboda da la'asar Lalla Itto take gasa gurasa, kuma ta farkon fitowa daga tanderu ta wanda ya fara taɓa shuɗiyar ƙofarta ce. Ba ta taɓa yi wa ɗanta alfarma ba. Sai ta miƙa wa Bassu tana turiri, ta dubi Haddu ta ce, "Gobe ka ƙara taka." Bassu kuma ya ja shi bayan katanga ya gutsura masa rabi.

A gindin babban itacen ɓaure hanya ta rabu biyu. Jajayen ƙyallaye uku suna kaɗawa ta dama. Hannuwan Haddu suka karya hagu.

Bai farga ba. Ya bi ta ƙarƙashin zaitun, ya kauce wa ramin da ke gaban rijiya, ya ja birkin baya keken ya zame, ya sauke ƙafa ɗaya ya buga ƙofar da tafin hannu.

Ƙarar katakon ce ta dawo da shi. Fentin ya ɓare sai ɗan shuɗi a tsakanin ƙusoshi. Rufin madafa ya rufta, ciyawa ta tsiro a bakin tanderun. Ya dubi lambar da ke liƙe a kan kekensa, ya tuna rabonsa da ganin ƙyalle tun wajen ɓauren. Yanzu Bassu yana can ta dama yana dariya, kuma ba sauran wata shekara.

Sai ya ji kukan birki a bayansa. Ya san wannan birkin.

Bassu ya tsaya, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ya dubi ƙofar, ya dubi hannun Haddu da ke kanta har yanzu.

"Malamin makaranta guda, ya kasa bin ƙyalle."

"Kai fa? Me ya kawo ka?"

"Tayarka nake kallo, ina neman inda zan wuce ka."

"Ai ka ga ɓauren."

Bassu ya cire hular kwanonsa ya rataya. Ya daɗe yana kallon tanderun.

"Na gan shi," ya ce.

Can nesa, ta ɗaya gefen kwarin, ana jin wani yana kaɗa ƙararrawa ga masu wucewa. Komawa ɓauren hawa ne na kusan kilomita biyu. Babu wanda ya juya kekensa.

Bassu ya sa hannu a aljihun bayan rigarsa ya ciro guzurinsa, gurasa ce a naɗe cikin takarda, ta jiƙe da man zaitun. Ya miƙa ta gaba ɗaya.

"Ta kasuwa ce, ba irin tata ba. Karɓi, kai ka fara taɓa ƙofar."

Haddu ya karɓa da hannu biyu. Ya zauna a dokin ƙofar, inda dutsen ya lotsa saboda zama, ya kai baki a hankali. Gurasar ta yi sanyi, gishirinta ma ya yi yawa. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, bai ɗago kai ba.

Bassu ya jingine kekensa a bango, ya zauna kusa da shi, ya buɗe tafin hannu.

"Malam, rabina fa?"