Makullin Ɗakin Badujala

"Rufe tagar nan," in ji Baba Sunday. "Ƙarar za ta ƙarasa ka."

"Bar ta," in ji Ebenezer daga kan gado. "Kevin ne a kan ƙahon. Ji yadda yake kashe waƙar."

Katanga ɗaya ta raba su a unguwar Makera tun suna aikin masaƙa. Da masaƙa ta mutu, Ebenezer ya tara samarin layin da ke yawon banza, yana koya musu badujala a wani ɗaki da wata ƙungiya ke biya wa haya. Sunday kuwa ya sha kai ƙararsu gun mai unguwa.

"Ƙungiyar za ta turo yarinya ta auna amfanin abin," in ji Ebenezer. "In ba ta gamsu ba, ɗakin ya koma shagon giya. Maƙwabci za ta tambaya. Kada ka yi ƙarya domina." Ya yi tari. "Amma gaskiyar ma, kada ka zazzage ta duka."

"Mutu tukuna, sannan ka ba ni oda."

Ran Laraba Ebenezer ya mutu. Samarin suka raka gawar da busa har bakin titi, inda motar da za ta kai shi ƙauye ke jira. Daga nan layin ya yi tsit.

Miriam, yarinyar da ƙungiyar ta turo, ta iso bayan mako, ta durƙusa ta yi gaisuwa.

"Baba, daga ɗaya zuwa goma, nawa za ka ba shirin nan?"

"Gero ake aunawa da mudu."

"Na sani, Baba. Amma in na koma hannu wofi, rufewa za a yi."

Sunday ya dube ta. Yarinyar ba ta da laifi.

"Busarsu ba daɗi," ya ce. "Sun hana ni barcin rana shekara da shekaru. Amma tun da suka fara, ban sake tsallake yaro kwance a kwata ya sha ƙwaya ba. Makon nan da suka yi shiru, biyu sun koma bayan tasha. Sa lambar da kika ga dama."

Ta rubuta a takardarta. "Zan ce a ci gaba. Sai dai dole a samu babba da zai riƙe makulli. Na zaga layin, kowa ya ce ba shi da lokaci."

"Ni ban san komai a kiɗa ba."

"Buɗewa kawai, Baba, da zama."

Ya ja tsaki. Ya miƙa hannu.

Da yamma ya tafi bayan tasha da sandarsa, ya koro biyun. Ya buɗe ɗakin, samarin suka fara kiɗa, ya jawo benci bakin ƙofa, ya zauna, auduga cushe a kunnuwansa, ƙafarsa ta hagu tana bin gangar a hankali.