Kumburin da Ke Wasan Ɓuya

A gidan, kowa Me-ya-sa yake kiran yarinyar, domin tun da bakinta ya buɗe ba ta bar kowa ya huta da tambaya ba. Shekararta huɗu.

Wata safiya uwarta tana yi mata wanka, sabulu ya shige mata ido, ta ƙwalla ƙara. A nan uwar ta ga wani kumburi ya taso mata a matsematsinta na dama, kamar ƙwan tantabara. Ta leƙa falo ta kira mijinta. Kafin ya ajiye kofin shayi ya iso, yarinya ta yi shiru, wuri ya koma sumul.

"Ina abin yake?" in ji shi.

"Wallahi yanzun nan na gan shi."

"Anya ba kumfa ba ce?"

Da yamma kakar yarinyar ta zo, aka ba ta labari. Ta sa tabarau ta duba, ta lalluba, ba ta ji komai ba.

"Ƙaba kike nufi? A jikin ɗiya mace? Na yi furfura ban taɓa ji ba."

Uwar ta fara zargin idonta, sai ga mura ta kama yarinyar. Tana cikin tari ta rugo kicin tana riƙe da gefen wando.

"Mama, zo ki gani! In na yi tari ya fito, in na kwanta ya gudu. Me ya sa?"

Ita abin dariya yake ba ta. Uwar kuwa nan take ta kashe wuta ta ɗauko mayafi, ta kira uban a waya.

A asibiti, likitar yara ta kwantar da yarinyar a kan gado mai shimfiɗar takarda. Babu komai. Uban ya kalli matarsa ta wutsiyar ido. Likita ta jawo aljihun tebur ta ciro jan balan-balan.

"Tashi tsaye, ƙawata. Hura min wannan, mu ga ƙarfinki."

Me-ya-sa ta cika kumatu ta dage. Balan-balan na kumbura, ƙwan tantabara na fitowa a hankali. Uban ya matso har yana ture kujera.

"Ikon Allah! Ashe da gaske ne."

"Ƙaba ce," in ji likita. "Ta fi kama maza, amma mata ma suna yi. Akwai wata 'yar kafa a ƙasan ciki da ya kamata ta rufe tun jariri yana ciki. Tata ba ta rufe ba. In ta yi kuka ko tari, sai hanji ya leƙo ta nan."

"Me yake nema a waje?" in ji yarinyar.

"Ba ya neman komai. Turo shi kike yi."

"To in ya fito ya ƙi komawa fa?"

Likita ta daina murmushi, ta dubi iyayen. "Abin da muke gudu ke nan. In ya yi tauri, ko ya yi ja, ko ta fara amai, kada ku jira komai, ku kawo ta. Kafar ba ta rufewa da kanta, sai an ɗinke. Aiki ne ƙarami."

Ranar aikin, uwar ta kasa zama, tana ta kai da komo a baranda. Kaka tana jan carbi, uban yana karanta allon bango ɗaya har ya haddace shi. Da nas ta fito ta ce an gama lafiya, sai kaka ta fashe da kuka, ita da tun safe take ba kowa haƙuri.

Yarinyar ta farka da jiri, ta ɗaga riga ta ga filasta.

"Na ce ku tashe ni in gani," ta ce, ta juya musu baya.

Fushin bai yi nisa ba, yunwa ta kore shi. A ranar aka sallame su. Bayan 'yan kwanaki uwar ta shigo ɗaki da kwandon wanki, ta tarar da ita a kan hannun kujera, ta ware hannuwa tana shirin dirowa.