Makullin Tankin Baba

Tun da Mama ta rasu, shekara biyu ke nan, ciyawa ta samu wurin zama a filin gidanmu na ƙauye. Ranar da na je na tarar ta kai gwiwa, ga saɓar maciji a bakin rijiya, sai na ce wa Baba ya haɗa kayansa mu koma gari. Ni ce 'yar fari, kuma kowa ya san ba na rufa-rufa.

"Ke, ni da nake da inji?" in ji shi.

Injin yankan ciyawar nan ya girmi autanmu. Yana cikin sito, wata kaza ta mayar da shi ɗakin ƙwai. Baba ya daɗe yana cika baki wai hannunsa kaɗai injin yake ji, ja ɗaya yake tashi. Amma tun bayan rasuwar, injin ko tari bai ƙara yi ba.

Muka yi yarjejeniya. In injin ya tashi kafin ƙarfe huɗu, lokacin da zan kama hanya, Baba ya yi zamansa. In ya ƙi tashi, Baba ya shiga mota ba musu.

Ya ba kazar haƙuri, ta fice tana zaginsa. Ya jawo injin gindin bishiyar gwaiba, ya zazzage gwangwanin sifanoninsa a kan tsohon buhu. Ya cire fulogi ya goge da buroshin haƙori, ya zubar da tsohon baƙin mai ya sa sabo, ya wasa wuƙar har tana ƙyalli, ya cika tanki da fetur. Sannan ya tofa yawu a tafin hannu, ya fizgi igiya.

Injin ya ce fut, ya yi shiru. Hular Baba ce ta tashi.

"Baba, ko in fara naɗe maka tabarma?"

"Rufe min baki, gaisawa muke yi."

Na zauna a kan bokiti hankalina kwance, domin na san abin da nake zaton bai sani ba. A ƙarƙashin tankin, bayan wani siririn tiyo, akwai ɗan makulli da ke tsayar da mai. Mama tana tsoron gobara, don haka duk ranar da ya gama yanka sai ta lallaɓa ta rufe, in kuma ta ga ya ɗauko takalman aikinsa ta riga shi zuwa sito ta buɗe. Ita ta nuna min, tana dariya. "Kada ki faɗa masa, bar shi da girmansa."

Ƙarfe uku da rabi ya yi ja na ashirin da wani abu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Daga nan bai ƙara yin wasa ba. Ya tsaya yana kallon gwaibar da Mama ta shuka.

"In na tafi wa zai ba ta ruwa?" Ba da ni yake ba. Ya juya ya shiga ɗaki ɗauko jaka.

Raina ya ɓaci, ni da na ci gardama. Na ji haushinsa, na ji haushin maciji, na fi jin haushin kaina. Na durƙusa, na lalubo makullin, na murɗa.

Da ya fito na ce, "Baba, yi masa ja ɗaya na ban kwana mana."

Ya dube ni, ya dubi gwiwoyina da suka kwashi ƙasa, ya ajiye jakar. A ja na biyu injin ya yi ruri, hayaƙi ya turnuƙe, kaza ta haye katanga. Baba ya bi bayansa yana ihu, "Ban gaya miki ba? Hannuna kaɗai yake ji!"

Sai da ya share daga ƙofa har rijiya sannan ya kashe. Na ɗauki makullin mota ina gunaguni, sai na ji ya ce, "Ba ki rufe makullin tankin ba. Uwarki ba ta taɓa mantawa."

Na tsaya cak. "Au, dama ka sani? To me ya hana ka buɗewa?"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Ita ta rufe shi da hannunta," ya ce. "Ni na kasa."