Ƙwaya Ashirin a Gindin Randa

Hannuna yana cikin tsumman lokacin da Ɗanliti ya yi tari a ɗaki, kuma gara in faɗa tun yanzu: ba ruwa na zo yayyafawa ba, masara na zo canjawa. Na tsaya a durƙushe a gindin randa, ƙwaya ashirin a tafin hannuna, wasu ashirin a aljihun riga, ina jira tarin ya lafa. Shekarata hamsin da biyu a lokacin, ina koyar da darasin kasuwanci a sakandare, kuma a wannan makon ma na rubuta wa ɗalibaina a allo da manyan baƙaƙe, "Gaskiya a cikin ciniki," har na ja layi biyu a ƙasa.

Ɗanliti maƙwabcina ne a Dangora, katanga ɗaya ce ta raba mu shekara ashirin da uku. Irin masara yake sayarwa. Ba irin kamfani mai jan magani a leda ba. Duk kaka sai ya hau mota zuwa Doguwa, ya shiga gonakin mutanen da ya sani, ya zaɓi zangarniya da hannunsa, a sussuka a gabansa, ya kawo ya adana da ganyen darbejiya har bazara. Daga Yako zuwa Badafi in aka ce "irin Ɗanliti" ba a ƙara tambaya.

Yana da ƙa'ida guda, wadda ya gada wajen mahaifinsa. Kafin ya auna wa kowa ko kwano ɗaya, sai ya zura hannu cikin kowane buhu, ya cakuɗa abin da ya ɗebo, ya ƙirga ƙwaya ashirin, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumman buhun algarara, ya ajiye a gindin randa inda akwai sanyi. Bayan kwana shida ya buɗe. In sha bakwai ko fiye sun tsiro, iri ne. In ba su kai ba, abinci ne, kuma ko Sarkin Noma ne ya zo da kansa ba za a sayar masa da sunan iri ba.

A shekarar da nake ba da labari, buhu goma sha biyu ya kawo, kuma ruwan ƙarshe na damina ya tare motar a Tudun Wada, tamfol ɗin kuwa a yage. Ya shanya masarar kwana huɗu, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Kafin lokacin gwaji ya zo, ciwon hanta ya kwantar da shi. Aka kai shi Kano, aka dawo da shi da ƙafafu a kumbure da ledar magani, tare da shawarar likita cewa a ci gaba da addu'a. Don haka da hadari ya fara leƙowa daga kudu, ni ya sa na ɗebo masa masarar. Ya ƙirga da yatsunsa a kan tabarma, ya naɗe, ya ce in kai gindin randa in riƙa yayyafa ruwa safe da yamma, tunda matarsa Suwaiba jinya ta ishe ta.

Ni kuwa mutum ne mai ilimi, kuma wannan shi ne ciwona. A takardun da na taho da su daga kwaleji, waɗanda gara ta cinye wa gefe, masana sun kasu gida uku a kan yadda ɗan kasuwa zai gane daidai. Gidan farko suka ce a duba ƙarshen abu: aikin da ya fi jawo wa mutane masu yawa alheri, shi ne daidai. Gida na biyu suka ce a'a, akwai abin da wajibi ne ko da zai jawo asara, kuma kada ka yi abin da ba za ka so kowa da kowa ya riƙa yi ba. Gida na uku suka ce a bar dogon tunani, a tambaya kawai me mutumin kirki zai yi a nan. Na sha karanta wa Ɗanliti wannan a dakalin ƙofar gidansa. Yakan saurara da ladabi yana tsintar tsakuwa a faifai, in na gama ya tambaye ni ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa komawa gona kwana goma bayan ruwa ya tarar da ƙasa tsirara.

Ranar da aka naɗe tsumman, na koma gida na zauna a gidan farko. In masarar ta faɗi gwaji, za a sayar da ita a farashin tuwo, kashi ɗaya cikin uku na farashin iri. Buhunan nan kuwa su ne duk abin da zai bari: abincin Suwaiba na shekara, da karatun 'yarsu Fa'iza da take koyon aikin kiwon lafiya a Bebeji. Na jera masu amfana kamar ina kiran suna a aji. Ga mace, ga yarinya, ga marar lafiya da zai tafi da kwanciyar rai. Manoman ma na kira su, amma na ba su rabin maki, bisa hujjar cewa ai dama ƙwaya uku suke jefawa a rami. Sai na shiga ɗakin ajiyata, inda masarar gonata take a durom ƙarƙashin rufin kwano, na zaɓi ashirin masu ƙiba, farare tas, irin waɗanda mutum zai so a ce 'ya'yansa ne.

Da tarin Ɗanliti ya lafa na gama aikina a gindin randa. Nasa ashirin ɗin na fita da su lungun da ke tsakanin katangarsa da tawa, inda indararo yake zuba, na tona da diddige, na watsa, na rufe da ƙasa don kada kaji su tona mini asiri.

Kwanakin da suka biyo sun tafi a hankali, kamar ana jan su a ruwa. Zafin bazara ya kwanta a kan gari. Kullum da la'asar hadari yakan taso, ya yi baƙi, ya yi ƙamshi, ya wuce wajen Doguwa ya bar mu da gumi. Ɗanliti yana kwance a ƙofar ɗaki inda iska take ratsawa, rabinsa a nan, rabinsa a wani wuri. In na shigo da buta yakan buɗe ido ya ce, "Ticha, sun motsa?" In ce tukuna, Yaya. Sai ya lumshe ido ya koma tafiyarsa. Ya gaya mini yana cikin wata gona a gindin dutse, hazon safe ya sauko har gwiwa, masara ta rufe mutum da jakinsa, ganye yana goga masa raɓa a fuska. Ya ce mahaifinsa yana gaba da 'yar lauje, yana jin muryarsa amma bai iya cim masa ba. Wata rana ya ɗaga yatsa ya ce in yi shiru, wai yana jin ƙwayoyin suna fashewa a gindin randa, ɗaya bayan ɗaya. Na kasa kunne. Ni ɗigar ruwa kawai na ji, da bugun zuciyata.

A rana ta uku Hamma ya zo a babur daga rugarsu ta wajen Badafi, da ƙwaryar nono a ɗaure a baya. Makiyayi ne mai noma, shekara goma sha tara yana sayen iri a gidan. Ya tsuguna ya gaishe da marar lafiya, ya yi masa doguwar addu'a rabi da Fulatanci, sannan ya ce ya riga ya watsa taki, shanu sun kwana a gonar tun rani, iri kawai yake jira. Ɗanliti ya ce tsumma bai yi magana ba. Hamma ya dube ni ya ce ashe har yanzu tsumma ne mai gidan nan, shi Ɗanliti yaron shago ne. Suka yi dariya, dariyar ta koma tari.

Rana ta shida, da hantsi, Suwaiba ta shimfiɗa faifai, Hamma ya dawo, na ɗauko tsumman da hannu biyu kamar mai kawo jariri. Na ma shirya fuskar mamaki tun daga gida. Ɗanliti ya warware da kansa. Wani wari mai tsami ya taso. Ya bi ƙwayoyin da ɗan yatsa yana ture masu farin ƙaho gefe guda, masu funfuna gefe guda.

Bakwai ne suka tsiro.

Fuskar mamakin da na shirya ta yi amfani, sai dai ba kamar yadda na tsara ba. A nan na tuna cewa durom ɗina yana ƙarƙashin kwano tun Disamba, kuma da rana ko hannu ba a iya ɗora masa.

Ɗanliti ya murza ɗaya daga cikin matattun ya kai hanci. Ya ce abin mamaki, shi ruwa ya ji wa tsoro, wannan kuwa kamar zafi ne ya kashe ta. Ya ɗan jima yana kallon inda nake, ko kuwa bangon da ke bayana, don idonsa ya riga ya yi rawaya, ba a gane inda ya sauka. Sannan ya ce a kai buhunan inji a ɓarza su duka, a sayar wa masu tuwo da masu kaji.

Hamma ya ce shi dai a auna masa kwano goma haka nan. An gaya masa aibin kaya, ya ji, ya yarda, ko malamai ba su hana wannan ciniki ba. Zai jefa ƙwaya shida a rami.

"Kai na gaya wa," in ji Ɗanliti. "In ƙaninka ya zo ka sam masa kwano biyu, me za ka ce masa?"

"Zan ce irin Ɗanliti ne."

"To ka ji."

Shi ya sa ma ya ce a ɓarza, don kada wani ya saya da sunan abinci ya kai gaba ya sayar da sunansa.

Na bi Suwaiba tsakar gida na ce, Maman Fa'iza, ko a ɗan dakata a sake gwadawa. Ta ce wa zai buɗe tsumman nan da kwana shida? Ta faɗa tana ɗauraye faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce shekara talatin da huɗu tana tuƙa tuwon masarar da tsumma ya ƙi, bana kawai ta fi yawa ne.

Ga dama nan ta same ni a tsaye. Kalma biyar ce: ni ne na canja masarar. Na koma ɗakin da niyyar faɗa, Allah ya sani, har na durƙusa kusa da kansa na gyara murya. Sai ya riga ni.

"Ticha, mutanen nan naka na takarda. Wane gida ne ya ce in ɓarza?"

"Gida na biyu, Yaya. Da na uku."

"Na farkon fa?"

"Shi ma, in ya yi ƙirgensa da kyau."

"Ashe duk suna nan. To ka gaishe su."

Ya yi murmushi ya lumshe ido, fuskarsa a sake kamar ta wanda ya sauke kaya a ƙofar gida. Na duba fuskar nan, na ce wane alheri ne a tayar wa mutum hankali a irin wannan hali? Kuma ai masarar ta sha ruwa a Tudun Wada, wataƙila ita ma da bakwai ɗin za ta yi, ko ƙasa. Wato dai na sake komawa gidan farko. Ƙofarsa ba ta da sakata, shi ya sa nake yawan kwana a can.

Aka zo da amalanke biyu aka kwashe buhunan. Injin niƙan yana bayan masallaci, ana jin sa daga ɗakin. Tun azahar yake gurnani har rana ta karkata, farin gari yana tashi ta saman katanga yana sauka a kan ganyen darbejiya. Ɗanliti ya saurara ya ce ashe an fara ruwa. Suwaiba ta ce eh, an fara. Ya tambaya ko mai ƙarfi ne. Ta ce na shuka ne. Ya ce to a gaya wa Hamma kada ya yi sauri, ya bari ƙasa ta sha.

Washegari kafin azahar ya cika, Fa'iza tana riƙe da hannunsa, ko awa ɗaya ba ta yi da sauka daga motar Bebeji ba. Muka kai shi bayan la'asar. Muna dawowa daga maƙabarta hadarin da ya yi mako biyu yana mana kwalele ya tsaya cak a kan Dangora, ya saki ruwa. Ba wanda ya gudu. Muka taho a hankali, riguna a manne da jiki, ƙasa tana wannan ƙamshin nata na farko. Hamma yana gefena har bakin titi, inda ya ce bana zai je Kiru ya sayi na leda, ya ga yadda ake yi.

A wurin zaman makoki aka yi ta ba da labarin buhu goma sha biyu. Liman ya ambata. Wani ya ce tunda ni malamin kasuwanci ne, in yi wa jama'a bayani, na kuwa tashi na yi, gida uku cif, har wani dattijo ya share hawaye. Ban taɓa yin darasi mai kyau kamar wannan ba.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai, matata ta ce indararo ya goce yana zuba a jikin katangar Maman Fa'iza, in je in duba kafin ya ci ginin. Na ɗauki tsani na shiga lungun da safe. Rana ba ta kai ciki ba tukuna, ƙasa a jiƙe, da sanyi. A daidai inda na tona da diddige, wasu korayen tsirrai sun tsaya a cunkushe, kowanne da ganye biyu, kowanne da ɗigon ruwa a tsakiya.

Na jingine tsanin, na durƙusa, na bi su da ɗan yatsa. Na sake bi daga ɗaya gefen.

Ashirin ne.