Waken Baba a Gonar Barewa

Duk abin da ya rage wa Habibou daga gonar mahaifinsa yana cikin wata kwalba a saman firij, a ɗakinsu na unguwar Mount Hope, can ƙasar Turawa. Irin wake ne ja, cakuɗe da toka, wanda tsohon ya ƙulle masa a tsumma ranar da zai bar Tasawa. Bayan rasuwar tsohon 'yan uwa suka sayar da gonar, aka yanka ta filoti-filoti. Kowace shekara Habibou yakan zazzage kwalbar a faranti ya tsince wanda ƙwari suka huda, kuma abin da yake mayarwa kullum raguwa yake.

Ya gwada shukawa a bokiti a bakin taga. Waken ya fito dogo siriri kamar mai jinya, ya mutu bai ko yi fure ba.

"Kawo in dafa muna shi mu huta," in ji matarsa Safiatou. Wasa take yi, amma bai yi dariya ba.

Habibou faci yake yi a wani gareji kusa da titin Grand Concourse. Mai garejin, Mista Rinaldi, mafarauci ne, yana da fili a daji can arewa da birni. Da bazara ta ƙare ya kira Habibou, don ya ji ɗan manomi ne, ya yi masa bayani dalla-dalla. Za a share fili a tsakiyar daji, a shuka abin da barewa take so, a bar ta ta yi ta ci har ta saba da wurin. Idan lokacin farauta ya zo, sai mutum ya hau bishiya ya jira ta. Habibou bai taɓa jin noma irin wannan ba, a ce mutum ya sha rana don dabba ta ƙoshi. Amma shi ƙasa kawai ya ji an ambata, ya ce ya yarda.

Rinaldi ya ba shi makullin tsohuwar a-kori-kurar gareji, duk Lahadi ya je. Ranar shuka ya ɗauki kwalbar ya sa a aljihu.

"Ka rage ko kaɗan mana, Baban Nasser," in ji Safiatou.

"Mi za ni ragewa? Rabi ma ba shi hitowa. In na bari sai baɗi, toka kaɗai za mu iskewa."

Ya shuka abin da Rinaldi ya sayo a duk filin. A kusurwar gabas kuma ya tada kunya biyu da hannunsa, ya zuba waken Baba duka. Bai gaya wa Rinaldi ba.

Ƙasar nan baƙa ce, ga ruwa. Waken ya fito ya yi yaɗo, ganye shar. Habibou ya tsuguna a bakin kunyar ya yi kuka, don rabonsa da ganin ganyen nan shar haka tun Baba yana da rai. Lahadin da ta biyo sai ya tarar an aske kan kunya ɗaya, ga sawun kofato ko'ina. Ashe duk cikin filin ba abin da barewa take so kamar waken.

Ya san don haka aka yi gonar, ba wanda ya ɓoye masa. Amma manomi ne, kuma manomi ba ya tsayawa yana kallo dabba tana cin shukarsa. Ya yi abin da ya ga ana yi tun yana yaro. Ya ja igiya ya rataya gwangwanaye, ya kafa mutum-mutumi ya sa masa tsohuwar rigar aikinsa mai warin baƙin mai da gumi. A ransa kusurwarsa kawai yake karewa, da wake ya bushe ya rore sai ya kwashe komai.

Safiatou hankalinta bai kwanta ba. "Patron, mai garejin, ya san da wanga aiki?"

"Kunya biyu ce tak, Safi. Hili duka ga shi nan na bar musu."

Barewa ba ta san kusurwa ba. Da ta ji ƙarar gwangwani da warin mutum sai ta ƙaurace wa filin baki ɗaya. Waken ya yi fure, ya zuba 'ya'ya, Habibou har ƙiba ya yi don murna.

Abin da ya manta shi ne 'yar kyamarar da Rinaldi ya ɗaure a jikin bishiya. Wata Litinin da safe, ana dab da buɗe farauta, Rinaldi ya kira shi ofis ya juyo masa waya. Hoto bayan hoto, ba barewa ko ɗaya, sai mutum-mutumi da rigar gareji, sai Habibou yana gyara igiya. Fuskar Rinaldi ta yi ja. Ya ce ya gayyaci abokansa, duk aikin damina ya tashi a banza, kuma ranar Asabar zai je da kansa ya tsinke igiyar ya jefar da gwangwanayen.

Waken ɗanye ne, bai kai a cire don iri ba. Habibou ya roƙi a ɗaga masa ƙafa 'yan kwanaki, Turancin ya tsere masa, abin da ya iya fitarwa kawai, "My father beans. Please."

Rinaldi ya dube shi da mamaki. Ya ce in wake ne matsalar, ga shago nan a tsallaken titi, zai saya masa buhu guda. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi makullin motar. Bai kore shi daga aiki ba, a ganinsa ma ya yi adalci.

Habibou ya nemi wanda zai kai shi ranar Lahadi. Masu tasi na unguwa kowa da aikinsa, kuma fili na mutane ne, an hana shi shiga. Ya yi ta cire taya yana sa taya, zuciyarsa tana can kusurwar gabas. Abinci ma Safiatou sai ta tsaya a kansa yake ci.

Bayan 'yan makonni Rinaldi ya shigo gareji yana fara'a, fushi ya wuce. Ya ajiye wa Habibou cinyar barewa a leda, ya dafa kafaɗarsa. Ya ce dabbobin sun dawo, kuma wannan a kusurwar gabas ya harbe ta, tana kiwo a kan kunyoyin nan biyu, sun cinye su har ƙasa. Ya ce baɗi irin wannan waken za su shuka a duk filin, Habibou ya kawo iri.

A gida Safiatou ta buɗe ledar ta duba.

"An yanka ta?"

"A'a."

"To ba mu ci. In kai ma maƙwabta?"

Habibou ya daɗe yana kallon naman, ga kitse fari a jikinsa.

"Bari tukuna," ya ce. "Waken Baba ne ta ci."

Ya naɗe ledar da kyau ya tura ta cikin gidan ƙanƙarar firij. Kwalbar tana sama, ba komai a ciki sai toka.