Wanda Aka Ci Shi Ke Tashi

A shagon gem, wato wasan bidiyo, na bakin layinmu musu ya fi wasa yawa. Talabijin ɗaya ce babba, sai fad biyu na dannawa da 'yan bencina, amma bakin da ke wurin ya ishi kasuwa guda. Wasan faɗa muke yi, irin wanda kowa zai zaɓi ɗan wasansa a gwabza har jinin ɗaya ya ƙare ko agogo ya cika. Sunayen 'yan wasan ba sa faɗuwa a bakinmu, shi ya sa muka raɗa musu namu. Akwai Bulala, wata doguwar mace mai sarƙa da ke zabga wa mutum duka tun daga ƙarshen allo. Akwai kuma Mai Fitila, wani tsoho mai tafiya kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa, wanda sai ya zo dab da kai yake iya taɓa ka.

Kowa ya yarda Bulala ce a sama, Mai Fitila kuwa a ƙasan ƙasa. Shugaban masu wannan ra'ayi shi ne Lauya, mai aski a tsallaken titi, wanda bai taɓa taka kotu ba, bakinsa ne ya ja masa sunan. Lauya zai bar kan mutum rabi a aske ya tsallako don kawai ya tuna mana cewa in aka haɗa Bulala da Mai Fitila sau goma, tara nata ne, ɗayan ma sai in an ɗauke wuta. Ni ma ra'ayina ke nan, da Bulala nake wasa. Mutum ɗaya ne ya ƙi yarda, Yayana, kuma abin haushin shi ne da Mai Fitilan yake lallasa mu duka. Cewa yake jera 'yan wasa daga sama zuwa ƙasa aikin malalata ne, masu neman wanda za su ɗora wa laifi in sun sha kaye. Na san yadda ya kamata in yi da shi, in tsaya nesa in yi ta dukansa da sarƙa. Amma da zarar ya sa tsohon nan ya ɗaga fitila sama, wato yana kirana, sai zuciya ta ɗebe ni in afka masa, ya kuwa yi min dukan kawo wuƙa.

Dokokin shagon biyu ne. Ta farko, wanda aka ci shi ke tashi, wanda ya ci ya ci gaba da zama ko da zai wuni. Ta biyu ita ce ta labule. In musu ya yi zafi har wani ya ce ai ba ɗan wasan ba ne, hannun mai riƙe da shi ne, sai Mai Shago ya zura waya mai tsawo zuwa ɗakin ajiya na baya da labule ya raba da shagon, inda akwai ƙaramar talabijin da kujera ɗaya. Duk mai son kare wani ɗan wasa sai ya zagaya ta lungu ya shiga ta ƙofar baya, ya yi wasansa ba wanda ya san ko wane ne. Ba a ɗaga labulen, ba a tambaya. Da haka ake yanke wa ɗan wasa hukunci ba tare da jin tsoron suna ba.

Yaya mai walda ne. Wata rana ƙofar ƙarfe da suke ɗagawa ta suɓuce ta faɗo masa a kafaɗar dama. Ƙashi ya ɗinke, amma likita ya ce jijiyoyin sun mutu, hannun ya koma kamar tsumma. Daga nan Yaya ya shige ɗaki ya rufe bakinsa. Ba ya magana, ba ya fita, abinci sai Umma ta zauna ta yi ta lallashi kafin ya karɓi loma biyu. In na shiga ina ba shi labarin shago sai ya juya fuska ga bango. Ni dai ba abin da nake so a duniya kamar in ji ya buɗe baki, ko da zagina zai yi.

A shago kuwa Lauya ya samu fili. Ya ce ga shi an gani, tunda mai hannun ya kwanta Mai Fitila ya koma inda ya dace da shi, wato kwandon shara. Raina ya ɓaci, amma me zan ce, gaskiya ce, kuma ni ma na sha faɗarta.

Wata rana da rana tsaka, yana cikin wannan cika bakin, sai allon ya nuna an danna fad ɗin bayan labule. Alamar zaɓe ta bi ta kan 'yan wasa a hankali ta tsaya a kan Mai Fitila. Aka yi shewa, Lauya ya goge hannu a riga ya zauna ya ɗauki Bulala. Kafin ka ce kwabo an tashe shi. Wani ya zauna, shi ma aka tashe shi. Ni ban yi dariya ba, domin na gane tafiyar nan, taku biyu gaba, ɗan ja da baya, sai a ɗaga fitila. Mutum ɗaya na sani mai wasa haka. Farin ciki ya kama ni, na ce Yaya ne ya fito, wataƙila ya koyi dannawa da hagu a ɓoye. Na zagaya lungu da gudu don in tare shi in ya fito. Na tarar da ƙofar baya a rufe da ƙaton kwaɗo ta waje, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa.

Na wuce gida jikina a sanyaye. Umma ta tare ni a tsakar gida da murna, ta ce in zo in ga ikon Allah. Yaya na kwance a katifa, idonsa a buɗe yana kallon silin, yatsun hannun daman nan da likita ya ce sun mutu suna motsi a kan zanin gado, da sauri, babban yatsa na dannawa, sauran na bi. Na hagun ma haka. Na kira shi, bai ji ba. Na taɓa goshinsa na ji sanyi kamar randa. Umma na ganin sauƙi ne ya zo, ni kuwa ina karanta abin da yatsun ke yi, na ga ya kare duka, ya matso, ya kama, ya kayar. Sai da yamma, lokacin da Mai Shago ke kashe na'ura, sannan yatsun suka tsaya, ya ja dogon numfashi.

Washegari na ja Mai Shago gefe. Dattijo ne mai sanƙo wanda ba ya son dogon zance, amma ranar bai ɓoye min komai ba. Ya ce shi ya sa kwaɗon da hannunsa tun da aka sace masa janareto, mukullin na aljihunsa. Ya ce bayan kowa ya watse ya ɗaga labulen, bai ga komai ba sai kujera da fad a kanta, fad ɗin kuma da ɗumi.

Haka abin ya ci gaba kullum. Da an kunna na'ura sai Mai Fitila ya bayyana, tunda ba a ci shi ba, zamansa ne. Shago ya cika maƙil, mutane na zuwa daga wasu unguwanni. Musu ya juya, masu cewa tsohon nan ashe na sama ne suka yi yawa, har wasu yara suka fara zaɓarsa suna shan kashi. Lauya ya ce duk wanda ke ciki ya san wani sirri ne, amma lissafi bai canza ba, tara da ɗaya ne. A gida kuma murnar Umma ta koma kuka. Da farko Yaya kan dawo hayyacinsa da an kashe na'ura. Daga baya sai ya ɗau lokaci. Sannan ya daina karɓar ko loma biyun nan, ruwa ma sai an ɗiga masa da cokali. Likitan da muka kira ya auna nan ya auna can, ya ce bai ga komai ba, a kai shi babban asibiti in bai farfaɗo ba.

Mai Shago ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Rana ɗaya ana tsakiyar wasa ya zare wayar labulen daga jikin na'ura. Mai Fitila ya daskare a allo. Nan take wayata ta yi ƙara, Umma ce, tana cewa numfashin Yaya ya tsaya. Na yi wa Mai Shago tsawar da ban taɓa yi wa babba ba, ya mayar da wayar jikin na'ura. Mai Fitila ya ci gaba da takunsa, Umma ta ce ya numfasa. Rufe shagon gaba ɗaya ma tsoro ya hana mu gwadawa, domin ba mu san a wane ɓangare Yaya zai tsaya ba, a jikinsa ko a bayan labule.

Na zauna a benci ina kallon wani ɗan makaranta ana jibgarsa, sai abin ya faɗo min. Yaya bai taɓa karya dokar shagon nan ba. Ba za a fitar da shi ta hanyar zare waya ba. Ba zai tashi ba sai an ci shi.

Da layi ya zo kaina na zauna na ɗauki Bulala. Labulen na gefen kafaɗata, kuma ina jin ƙarar dannawa daga ciki, ƙas ƙas, irin ta mai buga maɓalli da farce. Aka fara. Na ja can ƙarshen allo, na zabga sarƙa sau ɗaya ta same shi, sannan na shiga gudu. Ya matso, na tsallake kansa na koma ɗaya ƙarshen. Ya juyo yana takowa, na sake zabga masa na gudu. Wannan shi ne wasan da lissafin Lauya ke nufi, wanda ba mai mutunci da ke yin sa a gaban jama'a. Shago ya kaure da ihu, ana ce min matsoraci, wani har ya jefe ni da murfin kwalba. Mai Fitila ya tsaya ya ɗaga fitila. Yatsuna suka yi ƙaiƙayi, amma na cije. Agogo ya cika, jinina ya fi nasa, turmin farko ya zama nawa.

A na biyu ya kama ni a kwana ya yi min abin da ya saba, ban ko motsa ba. Na ji daɗin dukan nan, wallahi, kamar ya dafa kafaɗata ne.

Turmi na uku na koma gudu. Tsohon nan ya yi ta bina daga wannan bango zuwa wancan, yana kare sarƙa, yana samun taku ɗaya, ina ƙwace biyu. Ihun ya lafa, sai ƙarar fanka da ta dannawa. Da agogo ya kusa cika sai ya daina bina. Ya tsaya a tsakiyar allo, bai kare ba, bai ɗaga fitila ba, ya fuskance ni kawai. Ƙarar dannawar ta ɗauke. Ban ƙara dukansa ba, na bar lokaci ya ƙare da kansa. Daga bayan labule muka ji an tura kujera baya, ƙafafunta na gurzar siminti, yadda mutum ke yi in zai miƙe.

Lauya ya fara cewa ai ya faɗa, ya dubi fuskata, ya haɗiye sauran. Na ajiye fad na fita, duk da cewa zaman ya zama nawa.

Tun daga ƙofar gida na ji muryar Umma tana godiya ga Allah. Yaya na zaune a bakin katifa, ya jingina da bango, kwano a cinyarsa, yana kai abinci baki da hagu, rabi na zubewa. Hannun daman na kwance a gefensa shiru. Ya rame sosai, amma idon nasa ne, kuma ni yake kallo. Umma ta fita ɗebo ruwa tana share hawaye.

"Auta," ya ce. Muryar ta dushe saboda rashin amfani. "Ka iya ashe."

Na durƙusa a gabansa na ce ya yi haƙuri, da na bar shi da mun rasa shi, Umma ba ta barci. Ya gyaɗa kai, bai yi musu ba, mutumin da a da ko gaisuwa sai ya yi mata gardama.

"Ka faɗa wa Lauya ya yi gaskiya. Tara da ɗaya ne."

"Yaya, ai ka ci kowa. Ni ma gudu na yi."

Ya dubi hannun daman na ɗan lokaci, kamar yana jiran ya amsa. Ya sa na hagu ya ɗago shi, ya gyara masa kwanciya a kan cinya.

"A can hannu biyu nake da su," ya ce.

Umma ta shigo da kofi tana murmushi, ta ce in matsa in ba yayana wuri ya sha iska. Na matsa. Ya miƙa hagu ya karɓi ruwan, ya ce mata ya gode.